Kujerar da ke Gefen Heaika

"Ki bar ni in shiga tare da shi," in ji Ravdna mai karɓar marasa lafiya. "Heaika kawuna ne."

"Shi ya sa ba za ki shiga ba," in ji Solveig, mai ba da shawara a asibitin. "Sirri ne."

"To ki riƙa dubansa in kina magana."

"Kallon tsakiyar ido rashin kunya ne a wurinku, ku Sami."

"A wurinmu? Yaushe muka yi taro muka yanke?"

Solveig ta dafa littafin da ke kan tebur. Wata uku ta yi a Oslo, babban birnin ƙasar, tana koyon yadda ake ba mutanen Sami, ƙabilar makiyayan bareyi ta can arewa, shawara, har da takardar shaida.

"Malama mai littafi," in ji Ravdna, "tun yana yaro a makarantar kwana..."

"Kada ki ba ni tarihinsa. Daga bakinsa nake so in ji."

Ravdna ta ɗauki rigar sanyinta. Washegari ta bi garken bareyin mijinta zuwa bakin teku, hutun wata biyu.

Sabon likitan gunduma ne ya turo Heaika wurin Solveig. Tun da matarsa Gáddjá ta rasu, tsohon ba ya ɗaukar waya, ba ya amsa sallama, sau biyu ƙararrawar hayaƙi tana ihu a gidansa yana zaune yana gyaran igiya. Abu ɗaya likita yake so ya sani: zai iya ci gaba da zama shi kaɗai da bareyinsa, ko a kai shi gidan tsofaffi? Rahoton Solveig ne zai yanke.

Ta yi komai yadda aka koya mata. Ta janye kujerarta daga gabansa ta ajiye a gefe, kafaɗa da kafaɗa, suna fuskantar taga. Ta dafa gahawa, ta yanka busasshen nama. Ba ta taɓa tambayar yawan bareyinsa ba. Ta sassauta murya kamar mai lallashin jariri, ta zagaya ta kan ƙanƙara da kiwo kafin ta taɓo zancen Gáddjá.

Heaika yakan leƙo, ya karkato wuya yana neman fuskarta. Ita kuma sai ta ƙara juyawa wajen taga, cikin ladabi. Shafi na arba'in na littafin ya ce shirunsu magana ce.

Sau ɗaya ya ja kujerarsa zuwa gabanta. Ta yi murmushi, ta mayar da tata gefensa.

A mako na shida ta tambaye shi a hankali, idonta a kan tsaunuka, ko yana so ya zauna a gidansa. Ta tambaya sau uku. Ya shanye gahawarsa, ya sa hula.

Ta rubuta cewa baƙin ciki ya rufe shi, ba ya gane abin da ake faɗa, ba ya nuna sha'awar komawa gida. Har ta ƙara layi biyu a kan yadda ta girmama shirunsa.

Ranar da Ravdna ta dawo, motar gidan tsofaffi tana ƙofar asibiti, an riga an raba garken tsohon ga 'ya'yan 'yan'uwa. Heaika yana tsaye da jaka ɗaya. Solveig ta zo sallama, hanyar ta yi ƙunci, dole ta tsaya a gabansa. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya zuba wa leɓunanta ido, ya amsa da muryar da ta cika zauren.

"Amin. Ashe kina magana, 'yar nan? Ina ɗan shekara takwas malamin makarantar kwana ya kashe min kunnuwa da mari, don na yi yarenmu. Motsin baki nake karantawa. Mako shida gefen kanki kawai kika nuna min."

Solveig ta dubi Ravdna, ta dubi direba.

"Amma ai na dafa masa gahawa," in ji ta.