Miyar da Aka Ajiye wa Ubaldo

"Ɗanɗana min, tsoho." Eulalia ta tura wa mijinta Crescencio kwanon.

Kowa a garin Oaxaca ya sani, ranar bikin matattu mamaci kan zo ya shanye ƙamshi da ɗanɗanon abincinsa, ya bar shi lami. Ɗansu Ubaldo kuwa, tun da ya shiga hamadar arewa, shiru. Shi ya sa ta ajiye masa miyar barkono ta kwana, ta gani.

Crescencio ya kai loma.

"Da yaji za ki kashe ni, tsohuwa? Ɗanki na nan da ransa."

Ta yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya ci gaba da tauna. Ko gishiri bai ji ba.