Sandar da Aka Sayo wa Baffa

"Baffa, ɗaga ƙafa ɗaya ka tsaya a kan ɗayar," in ji likitar gashin ƙashi tana kallon agogo. "Daƙiƙa goma kawai. So nake in ga ko ciwon gwiwar nan zai iya kayar da kai."

Yayana Suhaibu ne ya kawo mu asibitin. Tun daga unguwarmu ta Barunde yake karanta wa Baffa, mahaifinmu, dokoki: ba zuwa kasuwar shanu, ba fita shi kaɗai. Har sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu ya sayo masa. Shi Suhaibun da tafiyarsa mafi nisa ita ce daga kujerar ofis zuwa mota.

Baffa bai motsa ba.

"Tsufa ne, bai gane ba," in ji Suhaibu. "Bari in nuna masa."

Ya tattare babbar riga, ya ɗaga ƙafa. Daƙiƙa uku, tumbi ya yi gabas, mai shi ya bi shi. Tim!

Ina fama da tayar da shi, likita ta ce in waiga. Baffa na tsaye a ƙafa ɗaya, ya ɗora tafin ɗayar a gwiwa, yana kallon taga. Har an haura minti guda.

"'Yata, shekara arba'in haka nake hutawa a bayan shanu," ya ce wa likita. "Gwiwar tana ciwo, amma ba ta manta ba."

Ya sauke ƙafa, ya ɗauko sandar, ya miƙa wa Suhaibu.

"Riƙe da kyau, Alhaji. Daga yau ba fita kai kaɗai."