Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kawo na'urar duba hankali asibiti, duk mai jego sai ta zauna gabanta ranar arba'in. Wadda ta kasa, a karɓe jaririn, ita a kwantar da ita. An ce an gwada ta kan mata dubbai, ba a dai ce matan ina ba.

Na'urar ta ce wa Hansatu, "Dubi ɗanki, ki kira sunansa."

Ɗan fari ne, kuma a garinsu kunya ta hana uwa kama sunan ɗan fari.

Surukarta, Iya Tabawa, ta ce, "'Yar nan, kira! Ga shi na toshe kunnena!"

Hansatu ta buɗe baki, harshe ya ƙi.

A bakin ƙofa, nas ta fara warware zanen goyon da za ta tafi da jaririn a ciki.