Jan Bargo a Kan Soro

"Hajiya, ba a taɓawa!"

Mai yi wa baƙi bayani ya makara. Tsohuwar ta riga ta tsallake shingen da ke saman soron, ta cafke jan bargon da aka shanya.

Tun shigowarta gidan tarihin, wanda a da gidanta ne, take haɗiye magana. Ya nuna ramin da mayaƙan 'yanci suke ɓuya, ta wuce. Ya kira ɗakin amarcinta ɗakin girki, ta ƙyale shi.

"Kayan tarihi ne," ya ce yana haki. "Yadda muka gani a tsohon hoto, haka muka mayar."

"Tarihin gidanku! An ma haifi ubanka a lokacin?"

A zamanin yaƙi da Faransa, matan unguwar Kasba ta Aljeriya ba sa shanya a banza. Farin zane, hanya lafiya, shigo. Jan bargo, sojoji na ciki, kada ka zo. Ita ta shanya shi ranar da suka cika tsakar gidan. Mijinta ya hango daga bakin lungu, ya juya. Kafin ta sauke aka tisa ƙeyarta, ba ta ƙara sa shi a ido ba.

"Shekara sittin da ɗoriya, ɗana," ta ce. "Kun bar masa alamar kada ya zo. To, ta yaya zai dawo?"

Da ta yaye farin mayafinta za ta shanya, mai bayanin ne ya kama mata ɗaya gefen.