Wandon Jakin Gwamnati

Akwati na goma sha bakwai ne ya hana Domnu (wato Malam) Horia Stanciu cin abincin rana.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kula da sashen hotuna da kayan wasan kwaikwayo a ɗakin tsofaffin littattafai na jami'a, kuma babu ma'aikacin da bai sha labarinsa ba: wai yana ɗalibi ya hau dandamali sau ɗaya tak, ya fito a yarima, jama'a suka miƙe tsaye suna ihu. Ihun dai an yi shi. Sauran shi ya riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan, har shi kansa ya soma jin nauyin kambin a ka.

Sai ga wani gidan wasan yara da aka rufe ya turo kayansa kaf: fastocin talla, zanen tufafi, 'yan tsana masu igiya. A akwati na sha bakwai Horia ya yi kiciɓis da kan jaki na ulu da rigarsa ta gaba mai kofato. Wandon baya babu. Can ƙasa ga hoto: jaki ya rabu biyu a iska yana gangarowa kan makaɗa, yara ɗari biyu baki buɗe.

Ya san ranar. Wata Lahadi ce da hantsi, shekara arba'in da biyu da suka wuce. Mai shiga bayan jaki bai zo ba, aka tare Horia a ƙofa, aka zura masa wando, aka ce ya sunkuya ya riƙe ƙugun na gaba. Na gaban ya riga ya kifa kan jaki, bai ga fuskarsa ba. Minti huɗu ya yi a sana'ar. Ƙurar ulu ta shige masa hanci, ya saki atishawa ɗaya da ta wurga su ƙasa su biyun. Daga cikin kan jakin wata dusasshiyar murya ta lailayo masa ashar, shi kuwa ya zura ta ƙofar baya, da kofato da jela, bai tsaya ba sai ɗakinsa.

Wandon na nan a gidansa ƙarƙashin barguna. Matarsa ya gaya wa gadon kakansa makiyayi ne.

Yana cikin tunanin inda zai cusa hoton sai ya ji ƙarar lif, na'urar hawa bene. Doamna (wato Uwargida) Viorica Lupan ce, shugabar ɗakin, mace mai tsadar dariya wadda ba ta bin matakala ko hawa ɗaya ne. Ta daɗe tana kallon kan jakin.

"Wannan za mu sa a tsakiyar baje kolin bana. Ka binciko mana su wa ke ciki, Domnu Horia. Ai kai ka san dandamali, yarima guda."

Da ta tafi ya buɗe littafin mai kula da dandamali da ya zo cikin kayan. Rubutun raɗau: "Gaba, V. Moraru. Baya, H. Stanciu, ɗalibi. Ya gudu da wandon gwamnati."

Ya ɗauko reza zai yanke shafin. Shi da ya taɓa korar farfesa daga ɗakin nan saboda ya lashi yatsa zai juya shafi. Hannu ya ƙi. Ya mayar da ita aljihun tebur.

Mako biyu yana binciken kansa. Ya rubuta rahoto cewa 'yan Stanciu sun fi yashi yawa a ƙasar nan. Ya tono wani marigayi Haralambie Stanciu, direban bas, ya kusa rataya wa bawan Allah jelar. Moraru kuwa ko nemansa bai yi ba. A ransa wani ƙato ne, Vasile ko Victor, mai hannu kamar faranti, wanda wataƙila har yau yana raye.

Kullum da safe sai ta leƙo. "An samo bayan jakin?"

"Ana kan bincike, Doamna."

Ranar Alhamis aka ce gobe za a buga katunan bayani. Ya rubuta "ba a san shi ba", ya zauna yana kallon rubutun har kofinsa ya huce. Duk ƙaryarsa a wurin shan kofi take ƙarewa. Bai taɓa sa ko ɗaya a kati ba.

Washegari ya hau ofishinta da leda a hammata, ya ajiye a tebur.

"Ni ne, Doamna. Ban taɓa zama yarima ba. Jakin ma ban samu gabansa ba. In takardar ajiye aiki kike so, ga biro a aljihuna."

Ta zaro wandon, ta kakkaɓe, ta duba jelar da kyau.

"Asu bai ci ba. Ka iya adana kaya, wannan kam ba a ƙwace maka. Littafin kuwa na karanta shi tun kafin akwatunan su sauko wurinka."

"To me ya sa kika..."

"So nake in ga ko za ka sake gudu."

Ta jawo sabon kati, ta rubuta cikakken sunansa a layin ƙasa. Sannan ta koma layin sama, a natse, ta rubuta: Viorica Moraru.

"Lupan sunan mijina ne. Wata uku na yi da ƙafa a ɗaure, Domnu Horia, kuma ashar ɗin nan har yau ban janye ta ba."