Irin da Aka Kawo daga Darfur

Haggai ya taso daga gonar mahaifin Saloma, inda ya yi shekaru yana golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Ya tarar da ita a lambun bayan gida, tsugune gaban wani ɗan yaɗo mai kama da kankana, ƙamshinsa ya cika wurin.

"Wannan fa?"

"Shammam ne," ta ce, ba ta ɗago ba.

Sau ɗaya ya taɓa jin sunan, a bakin Ebenezer, sojan da ya dawo daga Darfur da irin a aljihu, yana cewa wadda ta yarda ta aure shi kaɗai zai ba.

Haggai ya ajiye fartanyarsa a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan fari. Na rasa bakin faɗa maka."

Ya sunkuya ya taɓa shammam ɗin, sai ɗan ya rabu da yaɗonsa da kansa. Ya miƙa mata.

"Ya nuna. Kai masa kafin ya lalace."

A bakin danga ya tsaya, bai juyo ba.

"Saloma, takin nan da kika ce na tumatir ne, a kaina na ɗauko miki shi."