Baƙin Biro a Shafin Baya

Ko rantsuwa na yi muku har maƙogwarona ya bushe ba za ku yarda ba, amma ni ne mutumin da ya kusa zautar da mai digiri da biro guda. Ni ɗin nan, masinja, wanda ya fice daga aji uku ta taga bai sake leƙawa ba.

Aikina a ofis ba yawa: goge teburin Manaja, kai fayil, sai karɓo masa jarida kafin ya iso. A shafin baya akwai wasan cike gurbi, gidaje farare da baƙaƙe, ga tambayoyin kwance da na tsaye a gefe. Kowane farin gida harafi ɗaya yake ci.

Wata safiya na hango tambayar da na san amsarta. Na zaro biro ke nan sai ga Manaja. Ya fizge jaridar kamar na tsone masa ido.

"Kai! Shafin nan ba na 'yan gudun makaranta ba ne. Ka sake ɗora masa biro, ka nemi wani aikin."

A gaban sakatariya ya faɗa, da direba, da 'Yar Kemis, yarinyar kantin maganin da ke ƙasan benenmu, wadda na daɗe ina yi wa gyaran murya. Ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Na ce a raina, ranka ya daɗe, ka taro match, ni da kai ne.

Wawa ne zai yaga shafin. Ni ba wawa ba ne, karatu ne kawai bai karɓe ni ba. Na sayi baƙin biro mai siririn baki da 'yar rula. Kullum da safe sai in shige ɗakin ajiyar fayil, in zaɓi farin gida ɗaya a tsakiya, in baƙanta shi tsaf, gefe da gefe, har injin buga jaridar ma zai rantse aikinsa ne. Kalma mai neman gida bakwai ta tarar da shida. Duk wadda ta ratsa ta, ita ma ta maƙale. Sai in ninke jaridar in ajiye da ladabi.

Manaja yakan karanta labarai, ya ninke ta, ya saka a jaka. Na ce to, a gida ake cin kwakwa.

Ba a daɗe ba magani ya fara ci. Fara'arsa ta ɗauke. Ya daina tsokanar direba. Rannan ina goge taga na ji shi a waya da likita, murya ƙasa-ƙasa: "Abin da ake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu wuni ake yi a kansa. Ko gwajin ƙwaƙwalwa za a yi?" Na shiga banɗaki na yi dariya har da riƙe bango. Washegari gida biyu na baƙanta.

Ta ɗaya gefen kuma kasuwata ta buɗe. 'Yar Kemis ta ce in zo in gaida mahaifinta.

"Amma ka bi a hankali," in ji ta. "Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba a gida, kwanan nan ya zama wani iri. Ba ci, ba hira. Wai tsufa ya fara cin kansa."

"Bar ni da shi. Ni da nake sa gawa murmushi?"

Na same shi a falo, cikin kujera mai hannu, tabarau a goshi, sanda a jingine. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, ya amsa da hanci. Na yabi labule, ya kau da kai. Na yabi sandar, ya yi hamma. Na ga aure yana shirin sulluɓe mini, sai na ce bari in fito da babbar bindiga.

"Baba, in ba ka labarin yadda na gyara wa wani mai girman kai zama?"

Na zazzage masa komai, rula, biro, ɗakin fayil, har kwaikwayon muryar wayar likita na yi. Tsoho ya sauko da tabarau kan hancinsa.

"A tsakiya kake baƙantawa?"

"Tsakiya cif, Baba!"

"Ranar Talata guda biyu?"

Ban tuna na ambaci Talata ba, amma daɗin baki ya ɗebe ni. "Biyu ras!"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke zuwa da hawaye. 'Yar Kemis ta leƙo da gudu.

"'Yar nan, ɗora mini abinci, yunwa nake ji. Amma fara murza wa ƙofar nan makulli, ki ba ni."

Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo tulin jaridu, ya dire a gabana. Duk shafin baya ne a sama, an goge su da abin gogewa har takarda ta huje.

"Za ka nemo kowane gida da ka rufe, ka cike wasan daidai. Ranar da ka gama na ƙarshe, sai mu ga ko ina da 'ya." Ya ɗauki sandar ya ɗora a cinya, ya juya wajen ƙofar ciki. "Auta! Fasa kiran likitan nan, zo ka ga ciwon nawa a durƙushe."

Labule ya ɗaga, Manaja ya fito da jaridar yau a hannu, yana ce wa tsohon, "Yaya, ga taka, ban bari kowa ya taɓa ba."